Ɗorawar Kaltume a Gonar Sama'ilu

Duk wanda ya shiga Rijiyar Kulu, wani ƙauye da ke can gefen hanyar Dawanau zuwa Bici, ba ya bukatar a nuna masa gidan Kaltume mai daddawa. Hancinsa ya ishe shi jagora. Mata kan shigo suna toshe hanci suna yi mata tsiya, amma ba wadda ke ɗora miyar kuka ba da daddawarta ba, ita kuwa sai ta ce su fice mata daga gida in sun isa. Doguwa ce siririya, ga faɗa a baki, ga tsoro a ciki. Matar da za ta yi wa ɗan kasuwa tatas a kan kalwa mai tsakuwa, ita ce kuma in ta ji an ɗaga murya a ƙofar gida sai ta nemi wurin ɓuya.

Ba da tsoron nan aka haife ta ba. Tana budurwa aka yi wata tarzoma a birni, mutane suka yi ta kwararowa ta ƙauyen a ƙafa, kaya a ka, goyo a baya. Mahaifinta Malam Abdulkabir, mai makarantar allo, ya buɗe musu zaure, ita ke kai musu ruwa. A nan ta ga wata mata zaune riƙe da takalmin ɗanta ƙafa ɗaya, ba ta kuka, ba ta magana. Da ta tambayi abin da ya faru, aka ce mata faɗan addini ne. Tun ranar kalmar ta zauna mata a ƙirji. Takan ce faɗan gona ana raba shi, faɗan maƙwabta ana raba shi, amma wannan in ya tashi ba wanda ya san ta inda zai kama.

Da Malam ya rasu, gona kaɗan, magada da yawa. A yankin nan ƙasa ta daɗe da yi wa mutane kaɗan. Gona na jingine da gona, gamba ce kawai a tsakani, ba inda akuya za ta kwanta ba a ce na wane ne ba. Da aka fitar da rabon Kaltume, ko shanyar gero bai isa ba. Sai dattawa suka yi abin da aka saba, aka haɗa rabonta da na yayanta Sama'ilu ya riƙe, ita kuma aka ba ta ƙatuwar ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Ƙasa tasa, itace nata da duk abin da zai haifa. Ba wanda ya ga abin mamaki, don itatuwa da yawa a ƙauyen haka suke, suna tsaye a gonar wani suna yi wa wani aiki.

Ɗorawar nan ta rufa mata asiri. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa ɗaya, Badaru, ɗan farinta, wanda shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Da bazara ta sauke 'ya'yan ɗorawa, ta sayar da garin, ta dafa kalwa ta surfe ta wanke ta rufe har ta nuna, ta kirɓa ta shanya. Da haka ta ci da shi, ta yi masa sutura, ta yi masa aure. Amma ba za ka taɓa jin ta kama sunansa ba. Kunyar ɗan fari take yi irin ta mutanen da, har ya yi gemu ya haifi 'ya'ya tana ce masa "yaron nan". In aka yabe shi a gabanta sai ta taɓe baki, in aka kawo ƙararsa ita ce ta farko a ba shi laifi. Wanda bai san ta ba sai ya ce ba ta son sa, alhali in ya yi latti daga dakon buhu a Dawanau ba ta iya haɗiye ko loma ɗaya.

Sama'ilu kuma yana da ɗa, Kamilu, sa'an Badaru. Ɗan mace da ɗan namiji, taubasai ke nan, kuma sun riƙe wasan nan da kyau. Kamilu ba ya kiran Badaru sai bawansa, Badaru ba ya barin Kamilu ya ci abinci cikin kwanciyar hankali. Ko da ƙauyen ya zama yana da masallaci biyu, wasan bai mutu ba. Badaru ya tsaya a tsohon masallaci na ƙasa, inda ake zikiri da maulidi kamar yadda aka gada. Kamilu ya koma sabon na bulo, wanda samari suka gina, inda ake cewa waɗannan abubuwa ba su da asali. Badaru kan ce lasifikar su Kamilu ta hana kajinsa yin ƙwai, Kamilu ya ce zikirin su Badaru ne ya tsaga rufin masallaci yake yoyo. A yi dariya a watse. Shekaru aka yi haka, ana musu a majalisa, ana haɗuwa a suna da jana'iza.

Da Sama'ilu ya tsufa, noman gonar ya koma hannun Kamilu, ga iyali sun yi masa yawa. Duk shekara yana kallon geron da ke ƙarƙashin ɗorawa yana fitowa a tsamure, ba zangarniyar kirki. Wata bazara ya zo ya durƙusa.

"Gwaggo, a bar ni in rage mata rassa. Inuwar nan ta cinye mini gona."

"Bari a sauke 'ya'yan tukuna," in ji ta. "Saura kaɗan su bushe."

Ya ce to. Amma hadari ya fara haɗuwa da wuri, kowa ya shiga sharar gona, shi kuma ya ƙagu. Wata safiya Kaltume ta tafi duba 'ya'yan ɗorawa, Badaru na biye da ita da ƙugiya, suka tarar da manyan rassa a ƙasa, 'ya'yan na lilo a jikinsu kore shar. Kalwar shekara guda ce a zube. Kamilu na sama da gatari.

Ya ga fuskokinsu, ya san ya yi ɓarna, sai ya nemi ya rufe da wasa. "Yauwa bawa, ka zo a daidai. Kwashe wa ubangidanka itacen nan."

A wata rana daban da dariya za a yi. Amma Badaru ya juya ya ga uwarsa ta tsuguna tana tsinto ɗanyun 'ya'yan tana jerawa a zani. Kamilu na dirowa Badaru ya fisge gatarin ya maka masa ƙotar a goshi. Jini ya ɓalle. Kaltume ta yi salati, ta cire ɗankwali ta ɗaure wa ɗan yayanta kai, ta juya ta ce wa nata, "Allah ya shirye ka. Ɓace mini da gani."

Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma da a nan ya tsaya da yau ba wanda zai tuna.

Kamilu ya je kemis aka ɗinke, ya wuce sallar azahar da jini a riga. Kwanaki kaɗan kafin nan shi ne ya yi nasiha a lasifika a kan zikirin yammacin Juma'a, har ran wasu ya ɓaci. Ana ganinsa aka yi masa caa.

"Wa ya yi maka haka?"

"Badaru ne."

"Badarun tsohon masallaci?"

Ya gyaɗa kai. Cikin masallaci guda ba a samu mutum ɗaya da ya ce me ya haɗa ku ba. Shi kuma bai faɗa ba, don in ya faɗa sai ya ce ya sare abincin gwaggonsa marar miji, kuma bakinsa ba zai iya ba. Wani ya ɗauki hoton goshin. Kafin la'asar hoton ya kai Bici, ya kai birni, an rubuta a ƙasansa cewa an fasa kan mai wa'azi saboda ya faɗi gaskiya.

Mutanen tsohon masallaci kuwa, maimakon su ce ba haka ba ne, sai suka karɓe abin hannu bibbiyu. Dattawan da ba su taɓa miƙa wa Badaru hannu ba suka fara ce masa jarumi, wai ya kare martabar magabata. Shi ma ya yi gum. Ta yaya zai ce ya zubar da jinin taubashinsa a kan wasa? Abin kunya ne har ga jikoki. Kuma a gaskiya ɗan dako da aka fara matsa wa wuri a sahun gaba, abin ya ɗan yi masa daɗi.

Kaltume ce ta fara jin ƙaurin abin. Matan da ke aiko yara sayen daddawa suka ragu da rabi. Maƙwabciyar da suke aron turmi ta daina amsa sallama. Babura suka fara shigowa da baƙin fuskoki, wasu su sauka a wannan masallaci, wasu a wancan. Da ta ji wata mata a bakin rijiya ta ce faɗan addini ne ya taso, sai ta zauna a ƙasa da gugan a hannu.

Mai unguwa ya kira zaman sulhu a zaurensa. Kaltume ta samu sa'ida, don ta san yadda ake irin wannan zama tun tana yarinya. Kowane mahaifi ɗansa yake ba laifi. Wannan ya ce nawa ne ya yi kuskure, wancan ya ce a'a, nawa ne ya fara, a haka gaskiya ke fitowa ba tare da an tozarta kowa ba, a sa yara su gaisa a tashi. Ba ta lura da cewa zauren ya cika da baƙi ba, kowane ɓangare ya gayyato masu tsaya masa daga gari.

Aka ba ta magana daga bakin ƙofa. Ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, laifin yaron nan ne. Shi ya ɗaga hannu, a gabana aka yi. Kamilu ɗana ne, bai yi mini komai ba."

Ta juya tana jiran yayanta. Nan ne wurin da Sama'ilu zai ce a'a Kaltume, nawa ne ya hau itacenki ya sare. Mai unguwa ma shi yake kallo. Sama'ilu ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

Wani baƙo mai farin tabarau ya gyara murya. "To kun ji dai. Uwarsa ma ta shaida cewa ba a yi masa komai ba. Me ya rage in ba wa'azin ba?"

Zaure ya kaure da hayaniya. Ta buɗe baki ta ce ba haka take nufi ba, amma me za ta ce? Ta tsaya gaban maza ta kare ɗan fari? Kafin ta tattaro ƙarfin hali an miƙe ana nuna wa juna yatsa. Ashe wani ya ɗauki maganarta a waya. Ranar kasuwa tana zaune gaban faifan daddawa ta ji muryarta na fitowa daga hannun wani saurayi da ba ta taɓa gani ba, tana cewa laifin yaron nan ne. Ya maimaita, abokansa suka matso. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar faifan a nan ta tafi.

Gidan Sama'ilu ta nufa kai tsaye. Ta same shi a kan buzu.

"Yaya, me ya hana ka magana?"

"Kaltume, tun rasuwar Malam inuwa nake nomawa. Na taɓa ce miki komai?"

"Da ka faɗa ai."

"Kuma yanzu in na ce Kamilu ne ya fara, mutanen nan da suka zo saboda shi me za su yi masa? Kin ga idanunsu kuwa?"

Ta dube shi, ta ga shi ma tsoron ne ya cika shi, ga kuma tsohon haushi a ƙarƙashi, ba ta san wanne ya fi yawa ba. Ta ce, "To a sare ta. In ita ce, a sare ta a huta."

Washegari ta aika aka kira masu injin yankan itace. Ta tsaya a bakin gona da rana tsaka, ta sa aka sanar cewa duk mai so ya zo ya gani. Itacen da ya girmi mahaifinta ya kwanta kafin azahar, ƙasa ta girgiza. Ba ta yi kuka ba. Ta tari wasu samari da ke wucewa ta ce, "Ga abin da ya haɗa su nan, na kawar. Ku je ku faɗa."

Ɗayansu ya dube ta da tausayi. "Inna, wa ke maganar itace? Maganar addini ake yi."

Limaman masallatan biyu, a ba su haƙƙinsu, kowanne ya yi ta kiran a kai zuciya nesa. Amma liman na magana a cikin masallaci, waya na magana a aljihun kowa, kuma ita ba ta gajiya. Aka ce an ga adduna a tsohon masallaci. Aka ce sabon masallaci sun yi hayar 'yan daba. Ba wanda ya gani da idonsa, kowa an faɗa masa ne. Mata suka fara kwashe yara zuwa ƙauyukan dangi.

Ranar Alhamis Kaltume ta aika wa Badaru ta bakin matarsa Juwairiyya cewa ya tafi Dawanau ya kwana biyu. Ya ƙi. Da safiyar Juma'a ta yi abin da ba ta saba ba, ta je ƙofar ɗakinsa da kanta.

"Kai, ka tafi."

"Inna, in na gudu ina zan sa fuskata? Cewa za a yi duk mun gudu."

"Su wa? Kai da wa? Ni na ga abin da ka yi, ba don Allah ka yi ba, don ni ka yi."

Ya sunkuyar da kai. "Na sani, Inna. Amma yanzu ba nawa ba ne."

Ana idar da sallar Juma'a ta ji ƙarar. Da farko kamar kasuwa ce daga nesa, sai ta matso, ta rarrabu zuwa kabbara da ihu da gurnanin babura. Samarin tsohon masallaci sun ja daga da gorori a bakin lungu, duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Juwairiyya ta tura yara ƙarƙashin gado. Kaltume ta leƙa ta zaure ta ga lungun ya cika, mafi yawa fuskokin da ba ta sani ba, sun tasa Kamilu a gaba da bandejinsa kamar tuta.

"Kamilu!" ta ƙwala. "Faɗa musu!"

Ya faɗa. Wallahi ya faɗa. Ya juya ya ɗaga hannuwa biyu yana ihu, "A kan itace ne! Ni na sare wa gwaggona ɗorawa! Ku tsaya!" Wani ya ce kara yake yi wa danginsa. Wani ya ce an tsorata shi ne. Aka ture shi gefe ya faɗi, taron ya wuce ta kansa. Mutum ya taso tun daga wani gari da azahar ɗin nan domin kare addini, ba zai yarda a ce masa a kan rassan ɗorawa ya zo ba.

Da aka ambaci fetur, wai a ƙona gidan, Badaru ya fito. 'Ya'yansa na ciki, ba shi da zaɓi. Ya raɓa ta gefen uwarsa a zaure, ta kama rigarsa, ya zare hannunta a hankali. Ta bi shi tana kiran sunansa, sunan da ba ta taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa shi, tana kira da iyakar ƙarfinta. Hayaniyar ta yi yawa, bai ji ba.

'Yan sanda sun iso da la'asar, lungu ya riga ya watse. Kamilu ne ya ɗauko gawar Badaru a kafaɗa ya shigo da ita gida. Har yau ba a san hannun wa ba ne, sai dai waɗanda suka gani sun ce baƙo ne, wanda ko hanyar gonar bai sani ba.

Labari ya bazu cewa an yi rikicin addini a Rijiyar Kulu. Mutanen gari masu ilimi suka yi ta musu, wasu na cewa addini ne tushen duk wata fitina, wasu na cewa talauci ne da ƙarancin ƙasa. Wasu sun zo har gida sun tambayi Kaltume. Ta ce ita ba ta sani ba. Ta ce da addini ne kaɗai, da tun shekarun baya an yi, kuma da itace ne kaɗai, da ya ƙare ranar da ta sare shi. Daga nan ba ta ƙara ba, don ta koyi cewa magana na fita daga bakin mutum ta tafi yawo ba da izininsa ba. Ta daina daddawa. Ta daina zuwa kasuwa. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta tattara jikokinta ta shige ɗaki.

Damina ta yi kyau a shekarar. Inda ɗorawar take, ƙasar da ta sha ganye shekara da shekaru, gero ya tashi ya wuce kan mutum, ba a ga irinsa a ƙauyen ba. Da kaka ta yi, wata rana da hantsi aka yi sallama. Kamilu ne, ya rame, da dami a ka. Ya sauke a zaure ya durƙusa, bai iya ɗaga ido ba.

"Gwaggo, ga shi. Na wurin ne."

Ta dubi damin, ta ji kamar ta kurma ihu. Sai ta ɗaga kai ta ga mutane sun tsaya a bakin lungu suna kallo, na wannan masallaci da na wancan. In ta ce ya ɗauke abinsa, kafin magariba an ce tsohon masallaci sun ƙi sulhu, kuma ta san abin da ke biyo bayan an ce. Ga rumbunta babu komai, ga marayu.

"Ajiye," in ji ta. "An gode. Ka gaida Yaya."

Juwairiyya ta sussuke tana share hawaye da gefen zani, aka surfa aka niƙa aka tuƙa tuwo. Yara suka zagaye kwano. Ƙaramarsu Sa'adiyya ta cika baki ta ce tuwon nan da daɗi, daga ina aka samo geron?

Kaltume ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Baffanku ne ya kawo. Ku ci ku yi shiru."